Na aika ƙwayar gashi, ashe yunwa ce

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sanda, mutumin Cadakori. Fari ya koro ni Legas, ina dako.

Kwanaki mai ɗakina Hadiza ta ba direba saƙo: "Ka ce mashi gashina na zubewa, kitso ba ya kamawa." Na sami mai tallar ƙwayoyi a tasha, ya rantse ko mai sanƙo ya sha sai gashi ya tsiro. Maimakon hatsi, na aika kwalba biyu. Ta shanye, babu abin da ya tsiro.

Sai ga takardar yayana: "Kai wane irin mutum ne? Yunwa ce! Rabonta take ba yara, kunya ta hana ta ce maka rumbu ya ƙare."

Ban zagi mai ƙwaya ba, shi ma abinci yake nema. Ni ne shekara goma muna tare ban iya gane maganarta ba.

Yau na ɗora buhun gari a mota. Don Allah ku tambayar mani likita, in ta ƙoshi gashin zai dawo?

Hadiza, in kina ji, ki ci rabonki.