Ranar da Aka Cire Mini Ƙofa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Hamisu ne daga Jarwal, Makka.

Cikin alhini nake sanar da duniya cewa ɗakina ya kwana tara babu ƙofa, kuma na san wanda ya cire ta.

Ranar ƙaramar Sallah 'yata Rabi, mai shekara bakwai, ta faɗo da ka daga lilon da ke kusa da ɗakina. Ta ce wuyanta na ciwo, hannuwanta kuma kamar ba nata ba. Ni da na haddace littafin magani har uku, na ce targaɗe ne, na durƙusa zan ja kanta in miƙar da wuyan. Sai maƙwabcina Baba Idi, mai shara a asibiti, ya make mini hannu a gaban jama'a.

"Ya Shehi, bari! Karatun nan naka zai kashe yarinya!"

Ya ciro ƙofata, mutum huɗu suka kwantar da Rabi a kai, yana riƙe da kanta. Ya tokare shi da ƙunshin shinkafa biyu, ya ɗaure da rawanina. Har asibiti ina zaginsa.

Likita ya ɗaga hoto, ga ƙashi na biyu daga ƙeya a tsage. Ya ce da na juya kan nan, numfashinta zai iya tsayawa nan take. Malam, sai na zauna a ƙasa.

Yanzu Rabi tana cikin filasta daga kai zuwa ƙirji, jiya ta riƙe cokali da kanta. Iyaye, in yaro ya faɗi da ka, kada ku ɗaga, kada ku ja.

Baba Idi, na san kana saurare. Ni ne da laifi, ka yafe mini.