Shukun Tirwun

Mansir: Salamu alaikum. Halo? Malama Radiyya?

Radiyya: Wa alaikumus salam! Malam Mansir! Kai, alhamdu lillahi, tun ɗazu nake neman layinka.

Mansir: Yanzu na ga kiranki. Ina bakin gini ne a nan Tirwun, sabis sai mutum ya hau tulin yashi. Ina wuni?

Radiyya: Lafiya lau. Ka ga...

Mansir: Ya aiki? Ya mutanen ƙungiya?

Radiyya: Duk lafiya. Ka saurare ni...

Mansir: Ya Hajiya shugaba? Ƙafar tata da sauƙi?

Radiyya: Da sauƙi, har ta ajiye sanda. Ya Inna?

Mansir: Inna sai godiya, hawan jinin ne dai. Ya zafi? Ya yara?

Radiyya: Malam Mansir, ko aure ban yi ba, kai ma ka sani. Gaisuwar nan ta isa haka.

Mansir: To Malama, wallahi tsoro nake ji. In mutuwa ce ki faɗa min kawai. Mijin nan nata ya kashe min ƙanwa ko?

Radiyya: Subhanallahi! Wace irin mutuwa? Sadiya na nan da ranta! Ga ta can ina hango ta ta taga!

Mansir: Kina me? Layin ya... Halo?

Radiyya: Na ce ina ganin ta da idona! Halimatussa'adiyya taku!

Mansir: Allahu akbar! Allahu akbar! A ina? Asibiti?

Radiyya: Gidan kitso.

Mansir: Gidan ƙato? Wane ƙato kuma?

Radiyya: Kitso! Kitson kai! Gidan Goggo Daso mai kitso, a Ƙofar Wambai.

Mansir: Malama, kar ki yi min wasa da wannan. Tun kafin azumi rabona da muryarta. Tun ranar da mijin ya ga lambar ƙungiyarku ta kare mata a wayarta ya fasa wayar. Na je ƙofar gidan ya fi a ƙirga, a zaure yake tsayar da ni ya ce barci take yi. Yau ki ce min tana kitso?

Radiyya: Ai fasa wayar nan ce ta tashe mu tsaye. Mun buɗe layin kira, mun zauna muna gadin waya, shiru kamar an ɗauke wuta. Sai muka ce bari mu daina zato, mu je mu tambayi matan da kansu. Muka bi islamiyyu, muka bi wajen awo, unguwa-unguwa. Tambayarmu ɗaya: ina ne kaɗai ake barin mace ta zauna babu mai sa mata ido?

Mansir: Gidan biki mana.

Radiyya: Da dangin miji ake zuwa. Asibiti kuma shi ke kai ta, ya tsaya a kanta. Waya kuwa kullum sai an bincika. Kusan duk bakinsu ɗaya: wajen kitso!

Mansir: Ikon Allah.

Radiyya: Kuma ka san abin da ya fi ba mu mamaki? Masu kitson sun riga mu sani. Mai dukan da ba ya son a gane, kai yake nema, saboda ɗankwali zai rufe. To wa ke cire ɗankwalin? Yatsun mai kitso sun san kumburi, sun san inda aka tuge gashi. Ga shi mace ta ba ta baya, kanta na kan cinyarta, ba a kallon ƙwayar idonta. Abin da ba za ta iya faɗa wa uwarta ba, a nan take amayar da shi.

Mansir: A kai yake dukan ta? Sadiya? Wallahi tallahi yau sai na...

Radiyya: Tsaya tukuna, kar ka faɗo daga kan yashin. Muka tara masu kitso muka koya musu: ban da tilas, ban da tsegumi. In sun ji alama, su raɗa wa mace cewa akwai wani kitso, duk ranar da ta shirya neman taimako ta ambaci sunansa. Shukun Tirwun.

Mansir: E, ina Tirwun, na gaya miki.

Radiyya: Ba kai ba! Sunan kitson ke nan, shukun Tirwun!

Mansir: Ni da nake wuni a Tirwun ban taɓa jin sa ba.

Radiyya: Ai babu shi! Mu muka ƙirƙiro sunan a ofis, muna ta yaba wa kanmu wayo. Ashe mun manta da 'yan matan Bauchi. Wata ta tsinci sunan a iska, kafin ka ce me, ga su nan layi-layi wai a yi musu sabon yayi. Ranar farko muna ta gudu a keke, mu tarar da amarya tana cin gyaɗa tana dariya.

Mansir: Kai! To ya kuka yi?

Radiyya: Goggo Daso ce ta ce ku 'yan boko kun ba da suna babu jariri. Ta zauna ta ƙago kitson da hannunta, shuku mai 'yar kalaba a gefe. Yanzu kowa yin sa yake, babu mijin da zai ji sunan ya yi zargi. Mai son kwalliya hoto take cewa a nuna mata. Wadda ke cikin wuya kuwa a kunne take faɗa. Amma wannan tsakanina da kai ne, ko matarka kar ta ji.

Mansir: Bakina alaikum. Ita Sadiyar ya aka yi mijin ya bar ta ta fito?

Radiyya: Bikin ƙaninsa ake yi jibi, yana so a gan ta fes a cikin mutane. Da kansa ya kawo ta a mashin. Kuma ka riƙe waya da kyau: daga zaure ya ɗaga murya ya ce, "Goggo, a yi mata wannan shukun Tirwun ɗin da ake yayi!"

Mansir: Shi da bakinsa?

Radiyya: Da bakinsa! Goggo ta rasa na yi, tunda ba Sadiya ce ta nema ba. Da ma da Sallah Goggo ta je gidan Sadiya ta yi mata kitso, ta raɗa mata maganar. Sai yau, mashin na tashi, Sadiya ta ɗora kai a cinyar Goggo ta ce, "Goggo, na ainihin nake so, ba na hoto ba."

Mansir: ...

Radiyya: Halo? Layin ya yanke ne?

Mansir: Ina ji. Ƙura ce ta shigar min ido.

Radiyya: To share, aiki ne a gabanmu. Ta faɗi abin da take so: a kai ta asibiti a duba kan, daga nan wajen Inna a Ɗan Iya. Lauyarmu na hanya, Hajiya kuma ta je ɗauko mai unguwa. Saura kai.

Mansir: Ga ni nan da leburorina kaf, da shebur ɗinmu!

Radiyya: A'a! Ka zo da shebur ka ɓata mana komai, kai a rufe ka, ita a mayar da ita. Kai kaɗai, da Inna. Bayan masallacin unguwa, lungu na biyu, gida mai bishiyar darbejiya. Maimaita.

Mansir: Lungu na biyu, darbejiya. In ya riga ni fa?

Radiyya: Ya ce sai bayan la'asar. Ko ya zo, gidan wani ne, ba a shiga, iyakarsa zaure. Kuma wa zai fita da mace kai rabi a kitse? Goggo ta kitsa ta tsefe, ta kitsa ta tsefe, wai tsagar ba ta miƙe ba... Tsaya. Na'am, Goggo? Innalillahi. Malam Mansir, ƙarar mashin ɗinsa ce, ya dawo da wuri.

Mansir: Ga ni na diro! Mai keke! Kai, mai keke! Malama, katina ya kusa ƙarewa, suna ta yi min ƙara a kunne...

Radiyya: Dakata, ta miƙo hannu. Ga ta.

Sadiya: Yaya?

Mansir: Sadiya! 'Yar Inna! Ke ce?

Sadiya: Ni ce, Yaya. Yana zaure yana cewa a yi sauri. Saura layi ɗaya a gama.

Mansir: Ki ce ya yi miki zafi! Ki ce bai yi kyau ba! Goggo ta tsefe shi duka, ta faro daga goshi, ina bisa han...