Ranar da na auna jinin matata

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Sunana Isiyaku, daga Zongon Kwatano.

Ina karatun likita da bashin banki da na kawuna mai fataucin shanu. Matata Rabi ce ke ciyar da mu da yaranmu biyu da tuyar ƙosai. Kullum na tambaye ta jiki, sai ta ce, "Lafiya lau, kai dai yi karatunka."

Makon jiya na aro abin awon jini don hannuna ya saba. Na auna yara suna ta dariya, sannan na ce wa Rabi, "Maman Sani, kawo hannunki." Ta miƙo tana tsokanata da lokotoro, wato likita. Malama, tansiyonta ya hau, hawan jini ne sosai! Ashe ta daɗe da ciwon kai, ta ɓoye don kada hankalina ya rabu.

Na ce zan ajiye karatun shekara guda in yi kabu-kabu da babur. Ta rantse in na ajiye, ba za ta sha magani ba.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ke kuma Maman Sani, na san rediyon na gefen kaskonki. Don Allah ki sha maganin, wallahi ina makaranta.