Kai Man

A bakin tashar Zango, wata tsohuwa da ta zo daga Ƙonni ta tare wani mai taksi yana shan kafe.

"Ɗana, kai ni komisariya, wurin 'yan sanda. Ƙarar kada zan kai."

"Kada kuma, Inna?"

"Shi da mai gadinsa. 'Yata ta haihu a unguwar Tampouy, na taho mata da kaza tun daga gida. Kafin mu isa, surukina ya ce sai na ga tafkin kadoji, inda Nasara ke zuwa kallo. Kazar tana hammatata. Da ta ga ruwa ta hau fisge-fisge, sai na miƙa wa mai gadin, na nuna masa motarmu, na ce, 'Kai man.'"

Mai taksi ya ajiye kofinsa. "Kika ce me?"

"Kai man. Ba Hausa ba ce? Ya ce 'Wi madam,' ya wurga ta ruwa. Ko gashinta ban sake gani ba."

Dariya ta durƙusar da shi. "Inna, ai kayiman kada ne da Faransanci. Da bakinki kika ba shi."

"To mai jego iska za ta sha? Sai sun nemo man kaza mai ƙiba irin tawa. Ga shaida."

Ta zaro hoto daga bakin zanenta. Ya duba, ya sake dubawa.

"Inna, ai ke ce nan zaune a kan bayan kadan, haƙoranki duk a waje."

"Kazata ce a cikinsa. Sai na nemi izinin wani kafin in zauna a kan kayana? Tada mota."