Ƙarfe Sha Ɗaya a Ɗakin Gwaji

A tashar mota, wani dattijon tela ya daɗe yana satar kallon farar rigar da budurwar kusa da shi ta ninke a cinya.

"'Yata, likita ce ke?"

"A'a, Baba. Gwajin jini nake koya a kwalejin lafiya."

"Ikon Allah! Abin da autata take karantawa ke nan, can nesa. Wata bakwai rabona da ita. In ta kira, daga 'lafiya lau' sai 'zan shiga aji'." Ya dubi agogonsa. "Yanzu sha ɗaya. Me kuke yi war haka?"

"Muna ɗakin gwaji. A ɗiga jini a gilashi, a sa masa launi, kowa ya sunkuya kan na'ura yana neman ƙwayar zazzaɓi."

"Yarinyar da ko kaza ake yankawa sai ta gudu ɗaki!"

"Duk haka muka fara. Ni har suma na yi."

"Wa ya kula da ke?"

"Ƙawayena. Ba a rasa mai riƙe mutum. Baba, motarku fa ta cika."

"Bar ta, wata za ta zo. To, bayan azahar kuma sai me?"