Sa Hannun da Muka Hana Malam Usaini

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Masu girma dagatai da masu unguwanni. Allah gafarta Malam Liman da sauran malamai. Shugaban ƙungiyarmu ta masu masana'antu, Alhaji Lawan, da 'yan majalisarsa. Hajiya Zaituna, mai ɗakin marigayi, da 'yarsa Badi'a da sauran iyali. 'Yan'uwana masu kamfanoni na Bompai da Sharada da Challawa, da ma'aikatanmu da na hango a tsaye can baya saboda kujeru sun ƙare. Assalamu alaikum warahmatullah.

Sunana Abdulbaqi Abubakar. Ina da kamfanin roba a Sharada, bokiti muke yi da buta da kujera. An zaɓe ni in yi magana wai don na fi kowa daɗewa da Malam Usaini Dorayi, kuma gaskiya ne, shekara ashirin da shida muna tare. Abin da masu zaɓen ba su lura da shi ba, tunda na fi kowa daɗewa da shi, to na fi kowa daɗewa ina yi masa ƙarya. Da wannan nauyin na tsaya a gabanku yau, kwana arba'in da rasuwarsa.

Ga wanda bai san aikinsa ba, Malam Usaini shi ne jami'in ƙididdiga na ƙungiyarmu. Duk bayan wata uku sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, da tambayoyi huɗu da ba sa canzawa. Inji nawa ne ke aiki? Mutum nawa ne ke aiki? Awa nawa kuka samu wuta? Kaya nawa kuka fitar? Daga amsoshinmu yake haɗa abin da ake nuna wa duniya cewa Kano tana ƙerawa.

Mu kuwa kun san halinmu. Duk wanda ya shigo da takarda da biro, mai haraji muke gani. Tambayi ɗayanmu yaya aiki, ko da tirela uku na lodi a bayansa, zai sunkuyar da kai ya ce ana dai lallaɓawa. Haka muka samu iyayenmu a kasuwa, haka muka shigo da halin cikin masana'anta.

Ya kasance mutum mai haƙuri da wannan halin namu. Ranar da ya fara zuwa wurina na ce masa inji huɗu gare ni, ma'aikata talatin. Ya rubuta. Azahar ta yi, muka yi salla tare a masallacin kamfani. Muna fitowa ya ce, "Alhaji, ashe yau kuna da baƙi."

Na ce, "Waɗanne baƙi, Malam?"

Ya ce, "Na ga takalman mutum saba'in da ɗaya a ƙofar masallaci, ban da nawa da naku. Ko mutanen unguwa ne ke zuwa salla da rigar aiki?"

Kunya ta rufe ni. Shi kuwa ya buɗe littafinsa ya nuna min layi biyu. A na farko yana rubuta abin da muka faɗa, a na biyu abin da idonsa ya gani. Ya ce, "Na farkon kawai nake kaiwa ofis. Na biyun amana ne, ba mai ganinsa sai ranar da kuka sa hannu da kanku." Shekara ashirin da shida ban taɓa jin sirrin kamfanina a bakin kowa ba, ban kuma taɓa jin na wani a bakinsa ba. Duk da haka ban daina rage masa lamba ba, shi ma bai daina zuwa da murmushi ba.

Ya kasance mai kishin ma'aikaci. Da yawanku kun tuna shekarar da wasu masana suka zo suka yi kwana uku a otal, suka tafi suka rubuta cewa abin da ma'aikacin Kano ke yi a yini bai kai kashi ɗaya cikin uku na takwaransa a wasu ƙasashe ba. Mu masu kamfanoni, Allah ya yafe mana, har da masu gyaɗa kai. Malam Usaini ne kaɗai abin ya hana shi sukuni. Ya ɗauki agogo ya tafi wata majemar fata a Challawa, ya zauna kusa da injin da ke juya fata, cikin warin nan da kuka sani, mako biyu cur. Wuta ta zo ya rubuta, ta ɗauke ya rubuta. Ya tarar a cikin awa takwas na aiki, injin bai fi awa biyu da minti arba'in yana juyawa ba. Sauran lokacin magidanta ne zaune kan benci suna kallon ƙwan fitila.

Akwai wani ma'aikaci a wurin, Jamilu, mutumin Gumel. Shi ya ce masa, "Malam, don Allah a rubuta cewa ba barci muke yi ba." Ya kuwa rubuta. Ya zo wurina ya ƙara da cewa mu masu roba, in wuta ta ɗauke robar daskarewa take a cikin inji, sai an sake awa guda ana ɗumama ta kafin bokiti ɗaya ya fito. A wannan ɗakin ya tsaya ya raba kayan da aka yi da awannin da inji ya yi aiki da gaske, sai ga ma'aikacin Kano kafaɗa da kafaɗa da na ko'ina. Muka yi masa tafi, muka sha lemo, muka watse. Ba wanda ya ɗauki takardar ya kai ta gaba.

Ya kasance shi ke halartar jana'izar kamfanoninmu. Yana da jan biro a aljihu, amma ba ya soke sunan kamfani don ya ji an ce an rufe. Sai ya je ya ga ciyawa a bakin ƙofa, ya tambayi mai sayar da abinci a wurin, in har tana nan. Ya taɓa gaya min cewa Binta mai abinci a Bompai da mudu ashirin na shinkafa take fara yini a da, ta koma takwas, ta koma uku, daga baya ya je bai same ta ba. Masaƙun da muka taso muna jin ƙararsu tun daga titi, a gabansa suka zama sito, ana jibge kayan da aka ƙera a wata ƙasa. Na tambaye shi ko ba ya gajiya da irin wannan lissafi. Ya ce, "Ina gajiya, Alhaji. Amma in ban rubuta ba, gobe za a ce ba a taɓa yin komai a nan ba."

Yanzu ku ba ni hankalinku, domin abin da zan faɗa ya fi ta'aziyya gaggawa.

A farkon bana aka sanar da cewa za a ja keɓaɓɓen layin wuta, mai ba da awa ashirin a rana, zuwa yankin masana'antu guda ɗaya tak. Mu na Bompai da Sharada da Challawa yanki ɗaya aka ɗauke mu, kuma ba mu kaɗai ke nema ba. Sharaɗin shi ne yanki ya kawo takardun kamfanoni ɗari masu aiki, kowace da lambobinta na gaskiya da sa hannun mai kamfani, domin za a zo a duba. Ban taɓa ganin Malam Usaini cikin farin ciki irin na ranar ba. A littafinsa kamfani ɗari da arba'in da uku ne ke numfashi. Ya ce, "Mun wuce ɗari da nisa. Wannan karon namu ne."

Wata biyar yana yawo, sa hannu hamsin da takwas ya samu. Wannan ya ce a dawo gobe. Wancan ya sa maigadi ya ce manaja ya tafi Legas, alhali motarsa na ciki. Wani ya cike takardar da lambobin ƙaryar da ya saba, Malam ya mayar masa ya ce in aka zo dubawa kowa zai shafa. Mun yi shekaru muna nuna kanmu ƙanana a takarda, yau takardar ta nuna ba mu isa a ba mu wuta ba. Mu muka yi wa kanmu.

A bakin ƙofar wani kamfani a Bompai ya faɗi, da rana tsaka, yana jiran a ce ya shigo. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin da zai iya zama na kowannenmu. Hawan jini ne, in ji likita. Na je asibiti a kwana na biyu, bakinsa ya ɗan karkace, maganar da ƙyar take fita. Na sunkuya ina cewa sannu, ya riƙe hannun rigata ya ce, "Alhaji, ku ma fa ba ku sa hannu ba."

Na ce, "In kun samu sauƙi, Malam."

Washegari ya rasu. Wallahi tun daga ranar maganar nan ba ta bar kunnena ba.

Hajiya Zaituna, ku yafe mana. Mun riƙa aiko muku da mijinku gida a gajiye, da ƙurar unguwanni uku a jikinsa, saboda tambayar da za mu iya amsawa cikin minti biyar. Ku kuma yafe min zuwan da muka yi bayan sadakar bakwai, muna neman ku ba mu littattafansa mu kwashi lambobin mu aika ba tare da mun bi kan kowa ba. Kuka ce, "Alhaji, Malam ya ce amana ce. Abin da ya rufe, ni ba zan buɗe ba. Duk mai son a fitar da nasa, ya zo ya sa hannu." Na fita raina a ɓace. Yau a gaban jama'a nake cewa ku ne da gaskiya.

Badi'a, 'yata, mahaifinki bai bar miki gidaje ba, amma ya bar miki sunan da babu mai kamfani a Kano da zai ji bai sunkuyar da kai ba. Jama'a, ga ta can a bakin ƙofa da tebur. Malamar lissafi ce, hutu ta ɗauka daga makarantarsu ta zo da littattafan da takardun. Ranar Alhamis da ƙarfe goma sha biyu ake rufe karɓa. Yau Asabar. Sa hannu arba'in da biyu ya rage, kuma masu kamfanin da ke zaune a ɗakin nan waɗanda ba su sa ba sun fi sittin, na ƙirga.

Ba zan ɓoye muku ba, ni a bakin rami nake. Dizal ya cinye ni. In layin wutar nan ya wuce mu, ba zan kai Babbar Salla ƙofata a buɗe ba, kuma na san ba ni kaɗai ba ne, ko da kowa ya sha babbar riga ya zo. Mutanen da ke tsaye a baya, wasu daga Jigawa, wasu tun daga Maraɗi, me za mu ce musu? Mu ce mun ji tsoron biro?

To ku saurara, abin da ban taɓa faɗa ko a gaban ƙanena ba. Inji goma sha ɗaya gare ni, bakwai ke aiki. Ma'aikatana tamanin da uku ne, a da sun haura ɗari biyu. Wuta awa biyar nake samu in an yi sa'a. Bokiti dubu huɗu nake fitarwa a rana, da wuta za ta tsaya da na yi dubu goma sha ɗaya. In akwai mai haraji a ɗakin nan, ya rubuta. Gara ya same ni ina aiki.

Ina roƙonku don girman Allah, kada kowa ya fita ta ƙofar gefe. Alhaji Lawan, ina roƙon a dakata da rabon abinci har sai layi ya ƙare a gaban teburin can.

Muna godiya ga iyayenmu sarakuna da malamai da suka bar uzurinsu suka zo, da iyalan da suka ba mu aron mutumin nan tsawon rayuwarsa. Allah ya jiƙan Malam Usaini, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya rufa mana asiri, Allah ka rufa masa ranar da ba a ɓoye komai. Allah ya ba Hajiya da 'ya'yanta haƙuri, ya tsaya musu. Mu kuma Allah ka cire mana tsoron da ke neman kashe mu, kada ka sa mu zama sanadin yunwar gidajen da ke ci ta hannunmu. Amin.

Malam Liman zai rufe mana da addu'a. Kafin nan, Badi'a, fito da takardata. Malam ya daɗe yana jira.