Yaushe Ake Shiga Ruwa a Nha Trang?

A matsayar motar da ke bakin teku a Nha Trang, wata tsohuwa mai tallar busasshen kifi ta gaji da jin matar gefenta tana hadda.

"Garinmu yana da farin rairayi, da tsibirai, da iska mai daɗi..."

"Ke 'yar nan, addu'a kike yi?"

"Gwajin aiki zan je, Iya. Wani otal ke neman mai zagayawa da baƙi, amma sai haifaffen gari."

"Ke kuwa haifaffiya ce?"

"Ƙwarai! Quyen sunana, nan aka yanke cibiyata."

"Madalla. To yaushe ake shiga ruwa?"

"Da tsakar rana mana, lokacin da bakin teku ke cika."

Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya.

"Da wa yake cika? Turawa ne ke shanya kansu a rana, su juya ciki, su juya baya. Ni kifina sai na juya shi, su kuwa sun hutar da mutum. Ɗan gari da asuba yake wanka, kafin rana ta yi zafi ya koma gida. Daga kan duwatsu kika sauko, ko?"

Quyen ta sunkuyar da kai. "Daga Da Lat. Wata biyu ke nan ina neman aiki, Iya."

"To riƙe asuba, za ki ci. Saura abu ɗaya: tun da kika zauna idonki yana kan teku. Ɗauke shi. Mu nan ba ma kallonsa."